Sabuwar manhaja ta zo da tangarɗa: a koma tsohuwa ko a daure a gyara?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni da abokina muka haɗa wata 'yar manhaja ta waya wadda dillalan kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas ke rubuta lissafinsu a ciki: kwandon tumatir nawa ya sauka, buhun albasa nawa ya fita, wa ya biya, wa ake bi. Daren Alhamis muka saki sabuwar siga. Da gari ya waye sai kira ya fara shigowa. Wasu sun ce tana rufe kanta idan an zo fitar da rasit, mutum uku kuma sun ce bashin da suke bin kwastomominsu ya ninka. Abokina ya ce mu mayar da tsohuwar nan take. Ni kuma ina duba wata biyun da muka yi a kan aikin nan, a ciki muka saka tura rasit ta WhatsApp da Alhazai suka daɗe suna nema, ga shi kuma mun canza tsarin rumbun bayanai. Mu koma ne, ko mu daure mu gyara?" Mai karatu daga Agege.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka kwantar da hankalinka tukuna, duk wanda ya daɗe a aikin nan ya taɓa wayar gari irin wannan, waya na ƙara, gumi na zuba alhali fanka na juyawa.

Kai ka ɗauka tambaya ɗaya ka yi, ni kuma biyu na gani. Matsalolin da ka lissafa ba jinsi ɗaya ba ne. Manhajar da ke rufe kanta wajen rasit tana ɓata wa mutum rai. Manhajar da ke ninka bashi tana ɓata masa littafi. Sannan maganar da ka jefa a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa kun canza tsarin rumbun bayanai, wato inda manhajar ke adana lissafin kowa, ita ce mai yanke hukuncin ko komawar ma za ta yiwu. Kai da abokinka kuna musu a kan ƙofar da ba ku duba ko a buɗe take ba.

Abin da nake fara dubawa

Ba na auna matsala da yawan masu ƙorafi. Abu biyu nake tambayar kaina: ɓarnar tana ƙaruwa ne kowace awa, kuma idan an gyara manhajar ɓarnar za ta tafi ko za ta zauna? Rufe kai wajen rasit, ranar da ka gyara ya wuce, sai dai a tuna a yi tsaki. Amma adadin da aka rubuta ba daidai ba yana nan zaune a littafi ko da ka sake manhajar sau goma. Kuma ka san yadda Mile 12 take. Kaya na tasowa daga Kano, Katsina, Kaduna, Sakkwato ko Jos, mai kayan yana can Arewa yana jiran kuɗinsa, dillali ya ba mai sayarwa a kan amana zuwa yamma ko zuwa jibi. Idan dillali ya buɗe waya ya ga yana bin wata mai tumatir dubu ɗari biyu alhali dubu ɗari ce, zai je ya nema, ita kuma za ta rantse. Kafin a gano laifin waya ne, magana ta kai gaban shugabannin kasuwa, zumuncin shekaru ya sami tabo.

Kada kuma adadin mutum ukun nan ya rage maka tsoro. Su ne suka lura, wataƙila saboda suna riƙe da lissafin a ka ko a takarda. Wanda ya miƙa wa wayar amanarsa gaba ɗaya shi ne ba zai kira ka ba.

Saboda haka matakin farko ba komawa ba ne, ba kuma gyara ba ne. Tsayar da yaɗuwa ne. Ka shiga shafinka na Google Play, idan kashi-kashi kuke sakin sigar ka dakatar, domin wanda bai riga ya sauke ba kada ya sauke. Ka ɗauki kwafin rumbun bayanai yadda yake a yanzu, da ɓarnarsa da komai, ka ajiye gefe, za ka neme shi wajen gyaran lissafi. Idan akwai hanyar da za ka hana rubuta sabon bashi daga saba, wato babbar kwamfutar da duk wayoyin ke tura mata lissafi, ka hana. Sannan ka tura saƙon murya da Hausa ga duk masu amfani da ita: kada kowa ya karɓi bashi bisa adadin da ke waya har sai kun sanar, a riƙa rubutawa a takarda na yau. Na ce murya domin dillalin da ke tsakiyar sauke mota ba zai tsaya karanta dogon rubutu ba.

Komawa tsohuwa ba ta dawo da jiya

Abokinka na ganin komawa kamar cire sabon taya ne a mayar da tsoho. Wani lokaci haka ne. Amma abin da muke kira manhaja hawa uku ne, kuma kowanne da yadda yake komawa.

Kod ɗin da ke kan saba, wato rubutattun umarnin da ke tafiyar da manhajar, shi ne mai sauƙi. Yana hannunka, in kun tsara aikinku mintuna kaɗan sun isa a mayar da na jiya.

Manhajar da ke cikin wayoyin mutane ba ta hannunka. Android ba ta yarda a ɗora siga mai ƙaramar lamba a kan mai babbar lamba, sai an goge wadda ke ciki tukuna. Don haka abin da ake kira komawa a nan shi ne ka ɗauko tsohon kod, ka ba shi sabuwar lamba wadda ta fi ta daren Alhamis, ka sake turawa, ka jira a amince, sannan ka jira mutane su sauke. Wasu sun kashe sabuntawa don tattalin data, wasu wayar ta cika. Za ka yi kwanaki siga biyu ko uku na yawo a kasuwa lokaci guda, duk suna magana da saba ɗaya. Kuma kada ka kuskura ka ce wa kowa ya goge ya sake saukewa. Idan manhajarku na ajiye lissafi a waya kafin netwok ya samu, gogewar za ta tafi da duk abin da bai kai saba ba.

Hawa na uku su ne bayanan kansu, kuma a nan mutane ke gudun gara su faɗa gidan zago. Tun daren Alhamis sabuwar siga take rubutu da sabon tsari. Tsohon kod bai san wannan tsarin ba. Ko dai ya ƙi tashi, wanda shi ne sa'a, ko kuma ya tashi ya karanta abin a karkace ba tare da ya ce uffan ba.

Ni kaina na sha wannan. A wani kamfani da na yi wa aiki a Yaba, mun sauya yadda muke ajiye kuɗi daga naira zuwa kobo, don mu rabu da matsalar ɗigo a lissafi. Shawara ce mai kyau. Muka saki, sai wata tangarɗa daban ta ɓullo a shafin shiga, mutane suka kasa buɗe asusunsu. Cikin gaggawa na mayar da tsohon kod, na jingina da kujera ina cewa an tsira. Ban tuna cewa rumbun ya riga ya koma kobo ba. Tsohon kod ya ga 500000, wato naira dubu biyar, ya nuna wa mutum naira dubu ɗari biyar. Matsalar shiga da za mu gyara a minti ashirin ta zama aikin kwana uku na bin lissafi layi-layi. Babu wanda ya ja ni, ni na danna da hannuna.

Manya ma sun faɗa ramin. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital mai hada-hadar hannayen jari a Amurka ya ɗora sabon kod a kan sabobinsa takwas, amma aka tsallake ɗaya. Sabon kod ɗin ya sake amfani da wata alama da a da take tayar da wani tsohon sashe da aka daina aiki da shi shekaru, ba a kuma cire shi ba. Da kasuwa ta buɗe, sabar da aka tsallake ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Injiniyoyi suka zaci sabon kod ne mai laifi, suka cire shi daga sauran bakwai ɗin. Sai dukkansu suka koma yin abin da ɗayar ke yi. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440. Komawar da suka yi ba tare da sanin musabbabi ba ita ta ƙara wa wutar fetur.

Akwai kuma ɓarnar da janyewa ba ta iske ta. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wani fayil mai kuskure zuwa kwamfutocin da ke amfani da manhajarsa ta tsaro. Cikin minti 78 suka janye shi, wanda ba jinkiri ba ne. Amma kwamfutar da ta riga ta karɓa ta faɗi, ba ta ma iya tashi balle ta karɓi gyara ta intanet. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, aka koma bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ana goge fayil ɗin da hannu. Janyewa na kare wanda abin bai kai gare shi ba. Wanda ya riga ya sha, magani daban yake buƙata.

To yaushe ake komawa?

Kada labaran nan su sa ka ɗauka ina adawa da komawa. A'a. Idan hanyar a buɗe take, wato ba a taɓa tsarin bayanai ba, ni komawa nake fara zaɓa, sannan in yi bincike a natse. Dalilina ɗaya ne: tsohuwar siga na san halinta, ta yi watanni a hannun mutane. Gyaran da zan rubuta ƙarfe biyun dare, ido ya yi ja, Alhaji na kira karo na biyar, babu wanda ya gwada shi. Sau da yawa na ga gyaran gaggawa ya haifi ɗan da ya fi uwar rigima.

Batun wata biyun da kuka kashe kuwa, ka cire shi daga ma'auni. Aikin bai ɓace ba, yana nan a ma'ajiyar kod, zai sake fita mako mai zuwa. Kunya ce kawai ke maka magana, kuma na fahimta, amma waɗanda suka fi ku ma'aikata da kuɗi sun janye a bainar jama'a. A Satumbar 2014 Apple ya saki iOS 8.0.1, sabuwar sigar manhajar da ke tafiyar da wayoyinsa, wayoyin iPhone 6 suka daina kama layi, na'urar karanta yatsa ta daina aiki, aka janye cikin kamar awa ɗaya, gyararriyar ta biyo baya ba da daɗewa ba. A Oktoban 2018 Microsoft ya dakatar da babbar sabuntawar Windows 10 bayan ta goge wa wasu fayilolinsu, bai sake sakinta ba sai tsakiyar Nuwamba. Dillali zai haƙura da rashin rasit ta WhatsApp na mako guda, shekara nawa ya yi babu ita? Abin da ba zai yafe ba shi ne a sa shi ya ci kuɗin wani.

Ina zaɓar gyara a ci gaba ne idan na san ainihin layin da ya jawo matsalar, ba zato ba, gyaran ƙarami ne, kuma ina da inda zan gwada kafin in saki. Ko kuma idan komawar ta fi haɗari, kamar yadda na bayyana. Haka nan idan sabuwar sigar ta toshe wata kafar tsaro, komawa na nufin sake buɗe wa ɓarawo taga. Kuma ina ɗaure kaina da agogo: in ce zuwa ƙarfe kaza, in ban gano musabbabi ba, an daina tono, a koma ko a kashe sashen. Idan ba a sa lokaci ba, "saura kaɗan" sai ta cinye yini guda. Mutum ɗaya kuma shi ke yanke hukunci, ku biyun ku amince tun yanzu waye.

Wani abu da ban ji ka ambata ba amma ka duba: idan akwai wanda ya ga lissafin wani dillali a wayarsa, magana ta tashi daga tangarɗa ta koma fallasar bayanan mutane. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan fallasar na iya cutar da masu bayanan. Irin wannan ba a jira, rufe saba ake yi nan take.

Da ni ne a kujerarka

Zan buɗe rumbun bayanai in nemo asusun ɗaya daga cikin mutum ukun nan. Abin da nake son gani shi ne ko bashin sau biyu aka rubuta shi, ko sau ɗaya yake amma allo ke nuna shi a ninke.

Idan sau ɗaya yake, ka yi hamdala. Littafi lafiyarsa ƙalau, kuskuren yana wajen tarawa ne, galibi sabon tsarin da kuka yi ya sa ana ƙirga layi ɗaya sau biyu wajen haɗa wani jerin bayanai da wani a cikin rumbun. Wannan a saba ake gyara shi, ba sai kowa ya sauke komai ba. A nan ba zan koma ba.

Idan kuwa layi biyu ka gani, ka dubi lokacin da aka rubuta kowanne. In duk na daren Alhamis ne kuma tsofaffin basussuka ne suka ninka, to aikin kwashe bayanai zuwa sabon tsari ne ya gudana sau biyu. Ɓarnar ta riga ta faru amma ba ta ƙaruwa, sharewa kawai take so. In kuma sababbin basussuka ne, tsakanin layin farko da na biyu daƙiƙu kaɗan, to wannan tsohuwar cutar netwok ce. Waya ta tura, saba ta karɓa ta rubuta, amsa ta ɓace a hanya saboda cunkoson kasuwa, waya ta zaci bai je ba ta sake turawa. Ko kuma mutum ya ga abin na juyawa ya sake dannawa. Maganinsa shi ne kowace shigarwa ta ɗauki lambar shaida tata tun daga waya, saba in ta ga lambar da ta taɓa gani ta ƙi sake rubutawa. Wannan nau'in ne mai ƙaruwa kowace awa, shi ne kuma zai sa in dakatar da rubuta bashi gaba ɗaya har sai an toshe.

A dukkan ukun, ka lura, mayar da tsohuwar manhaja ba ya gyara adadin da ya ninka. Kuma kada ka yi sha'awar ɗauko kwafin rumbu na ranar Alhamis ka shimfiɗa a kan na yanzu, domin za ka shafe duk cinikin da aka yi tun safiyar Juma'a, na waɗanda abin ya shafa da na waɗanda bai shafa ba. Wajen gyara ma ba na son gogewa a ɓoye. Gara a shigar da layin gyara mai cewa an soke kaza saboda kuskuren manhaja ranar kaza, yadda in gardama ta tashi akwai abin nunawa.

Matsalar rasit kuma, in za ka iya ɓoye maɓallin daga saba, ka ɓoye. In ba za ka iya ba, ka tambayi masu ƙorafin irin wayarsu. Na fi zaton za ka tarar ƙananan wayoyi ne masu ƙarancin ƙwaƙwalwa, waɗanda haɗa hoton rasit ya fi ƙarfinsu, ku kuma a manyan wayoyinku kuka gwada. Wannan zai iya jiran sigar gyara ta ranar Litinin ko Talata.

Hukuncina ke nan bisa abin da ka faɗa min: kada ku mayar da rumbu, kada ku yi gaggawar mayar da manhaja, ku tsayar da yaɗuwa, ku kashe abin da ke ɓarna, ku gyara a gaba. Sai dai daga wasiƙa nake magana, ba daga kan kod ɗinku ba. Idan canjin da kuka yi wa rumbun ƙari ne kawai, ba ku goge ko sauya ma'anar komai ba, to tsohon kod zai iya zama da shi lafiya, kuma a nan abokinka ya fi ni gaskiya. Hanyar sani ita ce ku ɗora tsohon kod a kan kwafin rumbun yau a kwamfutarku, ku buɗe asusu goma ku gwada da takarda. Awa ɗaya ta isa.

Kafin saki na gaba

Ba a fafe gora ranar tafiya, hanyar komawa tun kafin saki ake gina ta. Canjin rumbu a raba shi da canjin manhaja: a fara ƙara sabon gurbi a bar tsohon, a yi kwanaki ana rubutu a duka biyun, sai an tabbata babu mai buƙatar tsohon sannan a cire. Da haka kowace rana tsohon kod na iya dawowa. Sabon abu kamar rasit ta WhatsApp a sa masa makunni a saba, a kunna wa wanda ake so, a kashe in ya yi gardama.

Ku nemi dillalai biyar ko goma masu haƙuri da ku su zama zakarun gwajin dafi, da saninsu, su riƙe sabuwar siga kwana uku kafin kowa. Google Play na ba da damar sakin kashi kaɗan, Apple ma na da tsarin kwana bakwai da ke farawa daga kashi 1 cikin ɗari. Ku leƙa Computer Village a Ikeja ku sayi tsohuwar itel ko Tecno mafi arha, ta zama ita ce alƙali, kuma a cikin kasuwar za ku gwada, ba a ɗaki kusa da wayfai ba. Kwafin ajiya kuma a riƙa gwada dawo da shi. A Janairun 2017 GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu haɗa manhaja kod ɗinsu, ya goge rumbunsa bisa kuskure, ya tarar hanyoyin ajiyarsa da dama ba sa aiki, ya rasa bayanan kusan awa shida.

Daren Alhamis ma ba lokacin saki ba ne ga mai kwastomomi irin naku. Motoci na sauka tun kafin asuba, Juma'a rabin yini ce ga mai zuwa masallaci, daga nan sai ƙarshen mako. Ku saki da hantsin Litinin ko Talata, bayan hada-hadar safe ta lafa, ku biyun kuna zaune.

Mutum ukun nan da suka kira, kada ku sallame su ta waya. Ku buga lissafin kowanne a takarda, na kafin Alhamis da na bayanta, gobe da sassafe ku hau mota daga Agege ku same su a rumfa, ku bi layi-layi tare da littafinsu. Ku tambaye su ko akwai wanda suka riga suka nemi kuɗi a wajensa bisa adadin da ya ninka. In akwai, ku roƙi a kai ku wurinsa, ku faɗa masa da bakinku cewa kuskuren daga manhajarku ne, ba daga Alhaji ba.